BEBIYA, MOTAR DA BA TA KUKA

Shafi na 19

Na Nafisa Sa'adu Goronyo

Salamu alaikum jama'ata. Masu cika mini waya da ƙorafin wai na ɓoye Atika, ga ta nan na fito muku da ita, yau bakinta za ku ji. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ga inda aka kwana: Alhaji Abdulƙadiri na Wurno ya sayar da garkar albasar gidansu da ke Goronyo, ya shigo da wata danƙareriyar motar iyali mai aiki da lantarki, da nufin in ta karɓu ya riƙa kawo irinta. Ba ta shan mai, ba ta ƙara, shi ya sa 'yan gari suka raɗa mata Bebiya. Damina ta zo ta wuce ba wanda ya saya. Yau da hantsi ƙanensa Jafaru ya kawo masa wani baƙo.

*

"Atika! Ke Atika! Hito ki yi mani barka!"

Da waƙarsa Alhaji ya shigo tsakar gida, hula a ƙeya, yana kaɗa carbi a yatsa. Rabon da a ga haƙoransa a gidan nan tun kafin a yi shuka.

Atika tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da faifan shinkafa a cinya. Tun azahar take riƙe da faifan, ko tsakuwa ɗaya ba ta tsince ba.

"Barkar mi, Alhaji?"

"Bebiya ta yi miji!" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ina masu cewa hauka nay yi? Ina Alhaji Abdulgafar da yab buɗe gabanta shina neman inji, yac ce motar aljannu ta? Yau dai sai su nemi inda za su sa huskarsu."

Kada ku ga laifinsa, mutumin nan ya sha wuya a kan motar nan. Duk mai kuɗin da ke tsakanin Wurno da Rabah ya zo ya shiga ya zauna, ya sha sanyinta, ya shafa kujeru, ya ɗauki hoto. In aka zo maganar kuɗi sai ka ga mutum ya fara tari. Wani ya ce garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa, da me zai cika mata ciki? Wani ya ce in ta lalace wane makanike zai taɓa ta, ko sai an kira mai gyaran rediyo? Wanda ya fi su gaskiya shi ne ya ja shi gefe ya ce, a wannan zamanin wa zai hau abin da kuɗinsa ya isa gina gida biyu, ya nuna wa mutanen daji ƙofar gidansa da kansa? 'Yan kaɗan da suka taya kuwa tayin wulaƙanci suka yi, har bakin Alhaji ya gaji da cewa albarka. Kalma ɗaya yake marmarin ya furta, na sallama, ita ce ta gagara.

"Ka sallama mai?" Atika ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Saura ƙiris. Na ce mai shi ba ni zuwa la'asar in gaya ma Inna, tunda garkar ubanmu ta anka saida. In ta sa albarka shi ke nan."

"Alhamdulillahi." Ta ajiye faifan. "To Alhaji, don girman Allah, kak ka saida ma mutumen ga motar ga."

Carbin ya tsaya a yatsansa.

"Mi kic ce?"

"Cewa niy yi kak ka saida mai."

"Atika, lahiyarki ƙalau?"

"Lahiyata lau. Zauna ka ji."

"Ba ni zama! Ke kin san abin da nis sha? Ba ni iya zama majalisa, ba ni iya tsayawa bayan sallar Juma'a, yara na bi na suna kwaikwayon bebe. Yau Allah ya kawo mutum mai mutunci, ko tayi bai yi ba, kuɗɗin da nih hwaɗi su yak karɓa..."

"To shi na!" Ta miƙe tsaye. "Alhaji, kai ɗan kasuwa na, tun kana yaro kaka ciniki. Ka taɓa ganin Bahaushen da anka gaya ma kuɗɗin akuya, akuya hwa, yac ce ya saya bai taya ba?"

Alhaji ya kawar da kai.

"Mai arziki na," ya ce daga baya. "Alhaji Ƙasimu. Jafaru ya ce dillalin shanu na, iyali gare shi da yawa."

"Ɗan wane gari na?"

"Can... wajen gabas."

"Gabas ba gari ba ta."

Alhaji ya ja tsaki ya juya zai shige ɗakinsa. Atika ta sha gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Har ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba.

"Ina cikin zaure sa'adda kuka magana, na kawo muku ruwa. Duk na jiya. Kowa yaz zaka ganin motar ga, abin da shika tambaya guda na: mata nawa taka ɗauka, sanyinta na kai baya, in wuta ta ƙare bisa hanya ƙaƙa za a yi. Shi mi yat tambaye ka?"

"Hwaɗi mana. Mi yat tambaya?"

"Ya tambayi ko hasken rana ɗai na isa shi cika ta."

"Kac ce mi?"

"Nic ce in akwai sola mai ƙarhi, har abada ba ruwanta da gidan mai."

"Sai yay yi murmushi. Na hange shi ta labule. Alhaji, su wa ab ba su son zuwa gidan mai? Su wa ad da wahalar mai tun da anka tsananta ma masu kai shi daji cikin jarka?"

"Kowa na wahalar mai, Atika."

"To zabina hwa?"

Nan ne fuskar Alhaji ta ɗan canza.

Ga abin da ya faru, don wanda bai karanta shafin jiya ba. Atika tana da zabi da ke kiwo ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Kowa ya san halin zabo, ko ganye ya faɗi sai ya tara wa unguwa jama'a. Baƙon nan ya dube su ya dube su, sai ya ce Jafaru ya ja motar zuwa ƙarshen layi ya dawo a hankali. Motar tana da wani ɗan amo siriri da take yi in tana tafiya sannu, don masu tafiya a ƙasa su kauce. Baƙon ya ce, wannan ana iya kashe shi? Jafaru ya laluba ya kashe. Sai mutumin ya juya wa hanya baya, ya rufe idanunsa, ya tsaya a tsakiyar zabin.

Motar ta taho. Ta taho har inuwarta ta rufe su. Zabo ko ɗaya bai ɗaga kai ba.

Alhaji a lokacin tafi ya yi, yana cewa ka ga aikin Nasara. Shi kuwa baƙon da ya buɗe ido, abin da ya ce kawai shi ne, "Madalla. Ta yi."

"Mai iyali na gwada mota da zabi?" in ji Atika. Hawaye sun fara zubo mata. "Mai iyali so shikai a ji zuwa nai, yara su hito da gudu suna oyoyo. Wanga so shikai kak a ji."

"Atika..."

"Kai ɗan cikin gari na, Alhaji, ba ka sani ba. Mu can ƙauyenmu bayan Maikujera, ba mu da soja, ba mu da ganuwa. Kunne ɗai gare mu. Kunne! Tsohuwa na daka tana saurare, mai noma na duƙe shina saurare. In anka ji kukan babura tun daga nesa, kowa shi ɗauki ɗa nai shi hwaɗa cikin dawa. Ranar da sunka shigo muna, abin da yah hisshe ni da Innata ke nan, mun ji su tun suna hayin rahi. Yaya Sa'adu da ba shi ji da kunne guda, shi ɗai na bai gudu ba."

Ta kasa ƙarasawa. Ba sai ta ƙarasa ba, Alhaji da hannunsa ya sa Sa'adu a kabari.

Tsoro ya fara shigarsa, amma ku san namiji, ba ya yarda a gani da wuri.

"Zato na kikai. Zato zunubi na."

"Ya tambaye ka kujerun baya na hita?"

"...Ya tambaya."

"Gilashin, ana ganin na ciki daga waje?"

"Ba a gani."

"Kuma kai da bakinka kan nuna mai ɗan makullin ga na yara, wanda in anka danna, ƙohwar baya ba ta buɗuwa ta ciki. Kana ta yabo, kana cewa ko yaro ya yi ƙiriniya ba shi hwaɗuwa. Mi yac ce maka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Cewa yay yi... ko babba na ba shi iya buɗewa?"

Suka tsaya suna kallon juna.

Can bayan katanga wata maƙwabciya tana ta dakanta, tana waƙa. Alhaji ya lallaɓa ya zauna a kan turmin da ke kife. Hular da ya karkata don murna ta faɗo ƙasa, bai ɗauka ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Atika, in na saida, da hannuna na ba su abin da za su shiga garinku ba a ji ba. In na hana..."

"In ka hana sun san gidanka."

"To ƙaƙa za ni yi?"

Ban taɓa jin tausayin mutumin nan irin na yau ba. Duk ɗagawarsa, duk cika bakinsa na cewa shi ne zai wayar da mutanen Wurno, ga shi a kan turmi yana tambayar matarsa yadda zai yi.

"Ina motar take yanzu?" ta ce.

"Jafaru ya kai ta caji wurin masu injin shinkahwa, su ad da sola babba."

"Kira shi. Ka ce shi maido ta yanzu yanzu, a sa ta gareji a kulle. In mutumen ya zaka ka ce ta lalace, batirin ya mutu, ka ce komi. Gobe da sahe ka kai ta Sakkwato ka bar ta can, ko kyauta ta."

Ya ciro waya. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Sai a na ukun aka ɗaga.

"Jafaru? Kana ji na?"

"...Ina ji, Yaya."

Muryar ba ta Jafarun da ya sani ba ce. Jafaru mai surutu, wanda in ya fara zuba sai an roƙe shi ya numfasa.

"Maido motar ga gida yanzu. Na hwasa cinikin."

"Yaya, kak ka hwasa."

"Kai, ni kaka gaya ma abin da za ni yi da kayana?"

"Don Allah, don darajar iyaye, kak ka hwasa. Ka sallama mai kawai, ka karɓi kuɗɗinka, ka manta ka taɓa ganin mota."

Alhaji ya danna lasifika don Atika ta ji. Ta matso ta durƙusa gefensa.

"Jafaru, wa na Alhaji Ƙasimu?"

"Ina kas san shi?"

Sai suka ji kuka. Ƙato da gemunsa, yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

"Yaya, ba ni nin nemo shi ba, shi yan nemo ni. Tun watan jiya sunka tare ni bisa hanyar Rabah ina dawowa da buhunan gero. Ba su taɓa ni ba. Sunka kira sunana, sunka kira sunan matata, har makarantar da ɗiyana ka zuwa sun sani. Sunka ce sun ji labarin wata mota ga yayanka wadda ba ta kuka, ba ta shan mai. Sunka ce ba ƙwace suka so ba, ƙwace na jawo hayaniya. Saye za su yi da takardu, mutumensu na cikin gari shi riƙa shiga da ita ko'ina, ba mai tsai da babbar mota irin wagga. In na yi gardama..."

"Shi na kak kawo mani shi har ƙohwar gida? Har ka sha ruwan gidana da shi?"

"Tsoro nij ji, Yaya! Wallahi tsoro!"

"Matsiyaci! Ni ba ni da ɗiya? Mutanen ƙauye da za a kwasa cikinta ba su da ɗiya?"

Atika ta dafa gwiwarsa. Ba lokacin faɗa ba ne.

"Jafaru," ta ce, "ni ta, Atika. Bar kuka. Tada motar ka taho, in ka zo mu san abin yi."

Kukan ya tsaya cak.

"Anti... ba ta wurina."

"Kamar ƙaƙa ba ta wurinka?"

"Ya ishe ni wurin caji tun bayan azahar. Yac ce in ba shi makulli shi ƙara gwada ta. Yac ce... yac ce tunda Yaya ya ce sai ya shawarci Inna, bari shi rage mai wahala."

Wayar ta suɓuce daga hannun Alhaji.

Inna. Mahaifiyarsu. Tsohuwar da idonta ya fara rauni, wadda kowa ya yi mata sallama ɗanta ne. Tun da hantsi ta ɗauki sandarta ta tafi barkar haihuwa can bayan kasuwa, ta ce ba ta son a kai ta, ƙafarta na buƙatar motsi.

Kuma shi, shi da bakinsa ya ambace ta. Yanzu ya tuna. Da ya ce sai ya gaya wa Inna, baƙon ya gyara tsayuwa ya ce, "Allah sarki, tsohuwa na da rai? Nan gidan take?" Shi kuma don jin daɗin an girmama uwarsa ya saki baki, ya ce ai ba ta nan, ta tafi barka gidan Malam Yusha'u mai gyaran keke, ƙofa mai shuɗin fenti.

Har launin ƙofar ya faɗa.

"Kira gidan barkar!" Atika ta yi ƙara. "Kira Hauwa'u, matar Malam Yusha'u!"

Ta fizgo wayar daga ƙasa da kanta ta nemo lambar. Hayaniyar mata ta cika kunnenta, ana ta shewa ana dariya.

"Hauwa'u, Inna na nan?"

"A'a, Atika ke ta? Ai Inna ta tahi tun ɗazu. Ba ku kunka aiko a ɗauke ta ba? Har muna yi mata tsiya, muna cewa yau tsohuwa ta hau Bebiya. Wallahi ba mu ji zuwanta ba, sai ganin mota munka yi bakin ƙohwa kamar daga sama..."

Atika ba ta ji sauran ba.

Alhaji ya riga ya zabura, ba takalmi, ba hula. Ya ratsa tsakar gida da gudu, ya bangaje tulun da ke bakin zaure, ruwa ya malale. A ransa yana lissafin inda zai fara, wurin 'yan sanda, ko 'yan sa-kai, ko ya hau babur ya bi hanyar Dinawa. Atika na biye da shi tana salati, mayafi a hannu.

Ya ja ƙyauren zaure da ƙarfi.

Ya tsaya.

Tana nan.

Bebiya tana tsaye a ƙofar gidan, ƙarƙashin dalbejiya, hancinta ya kusa taɓa dakali. Fara sol, tana sheƙi a ranar la'asar. Zabin Atika suna ta kiwonsu a gindin tayoyinta hankali kwance.

Tun yaushe take wurin? Duk ihun da suka yi a tsakar gida, duk abin da Jafaru ya faɗa a lasifika, katanga ɗaya ce tsakaninsu da ita.

Layin ba kowa, duk an tafi masallaci.

Gilashin gaba ya sauka a hankali. Alhaji Ƙasimu ne a mazaunin direba, farar shadda, farar hula, fuskarsa fes kamar limamin da ya fito daga alwala. Kusa da shi wani ne zaune da rawani ya rufe masa rabin fuska, ya ɗora wani dogon abu a cinya, an lulluɓe da sallaya.

Sai gilashin baya ya sauka shi ma, kaɗan, daidai yadda fuska za ta bayyana.

"Ƙadiri!" Inna ce, bakinta har kunne, ƙullin goron barka a hannunta. "Kai, ashe haka motar ga taka da daɗi? Awa cikin ɗaki! Wanga bawan Allah ya kyauta mani, har zagaya gari yay yi da ni. Allah shi yi mai albarka, ɗan mutunci na."

"Inna," in ji Alhaji, "hito. Hito maza."

Tsohuwa ta laluba ta kama hannun ƙofar ta ja. Ta sake ja. Ta yi dariya.

"Ka ga ja'ira, ta riƙe ni. Ƙohwar ta ƙi buɗuwa."

Atika ta toshe bakinta da mayafi.

Alhaji ya yi taku ɗaya zai nufi ƙofar. Mai rawani ya ɗan gyara sallayar da ke cinyarsa. Alhaji ya tsaya inda yake.

Gilashin baya ya koma sama a hankali, fuskar Inna ta ɓace tana kan dariyarta.

Alhaji Ƙasimu ya jingina hannu a tagar motar, ya dubi Abdulƙadiri da murmushin nan nasa na ɗazu.

"Alhaji, ka ce sai ka shawarci tsohuwa, ga ta na kawo maka, ka kuma ji da kunnenka ta yaba."

Ya sa ɗan yatsa a kan maɓallin tada mota. Ba abin da ya yi ƙara, fitilun gaba ne kawai suka kawo.

"To mu gama cinikinmu irin na 'yan kasuwa. Albarka, ko ka sallama?"